Jarumtakar Ƙarami: Amsa-Amo da Tsoro a Littattafan Hotuna na Yara

1.0 Gabatarwa

Akwai wani rukunin adabi da manazarta kan tsallake, wataƙila don ganin ƙanƙantarsa, watau littattafan hotuna da ake rubuta wa yara 'yan shekara uku zuwa shida. Galibinsu shafi 32 ne, saboda yadda ake ninke takarda a maɗaba'a, kuma kalmomin da ke cikin guda ɗaya da ƙyar su cika shafi biyu na wannan mujalla. Duk da haka su ne littattafan farko da ɗimbin yara ke haɗuwa da su a Turai da Amurka. Akan karanta wa yaro littafi guda dare bayan dare har ya haddace shi tun bai san baƙi ba. Abin da ake haddacewa kafin a iya karatu kuwa ya cancanci a feɗe shi kamar yadda ake feɗe kowace waƙa.

A cikin wannan rukuni akwai kashin da aka tsara shi da waƙa mai amsa-amo, jigonsa kuma kasada da jarumtaka. Shi ne wannan maƙala ta sa gaba. Za a ɗauki littattafai biyu a yi musu kallon tsanaki: The Gruffalo na Julia Donaldson da Axel Scheffler, wanda ya fito a Ingila a 1999, da Madeline na Ludwig Bemelmans, wanda ya fito a Amurka a 1939. Tambayoyin da za a bi su ne: wace irin jarumtaka ce ake nuna wa yaron da ko ƙofar gida ba ya fita shi kaɗai? Kuma mene ne aikin amsa-amo a cikin wannan nuni? Ra'ayin da za a kare shi ne, amsa-amo shi ne linzamin da ake sa wa tsoro a waɗannan littattafai, kuma da shi ne yaro ke samun ikon tsayawa ya dubi abin da ke firgita shi. A ƙarshe za a duba abin da wannan ke nufi ga wanda ke da niyyar yin irin wannan aiki da Hausa.

2.0 Tushe Biyu

Haɗa waƙa da hoto da tsoro domin yara ya daɗe. A 1845 aka buga Struwwelpeter, littafin da wani likita na birnin Frankfurt a Jamus, Heinrich Hoffmann, ya fara yi wa ɗansa ɗan shekara uku. Labaransa duk cikin waƙa suke, kowane da hotonsa. Yarinyar da ta yi wasa da ashana ta ƙone ƙurmus, yaron da ke tsotsar yatsa tela ya datse masa manyan yatsu da almakashi, wanda ya ƙi shan miya ya rame har ya mutu. A nan tsoro bulala ne a hannun babba, amsa-amo kuwa aikinsa ya sa gargaɗin ya zauna daram a zuciya.

Tushe na biyu daga Ingila yake. Daga 1878 zuwa 1885 mai zane Randolph Caldecott ya fitar da littattafan hotuna 16, biyu kowace shekara. Ɗaya daga cikin na farko shi ne labarin John Gilpin, waƙar da William Cowper ya rubuta a 1782 game da wani ɗan kasuwar Landan da dokin aro ya yi gudu da shi. Haɗari ne na gaske ga mahayin, amma mai kallo dariya yake yi. Caldecott ya nuna cewa hoto zai iya faɗin abin da waƙar ta yi shiru a kansa, kamar firgicin agwagi a bakin hanya. Lambar girmamawa da ake ba masu zanen littattafan yara a Amurka tun 1938 sunansa take ɗauke da shi, kuma hoton Gilpin a kan doki ne a jikinta.

Littattafan da za mu duba sun gaji tsoro daga tushe na farko, sun gaji raha da wasan hoto daga na biyu. Abin da suka sauya shi ne mazaunin yaro. A wurin Hoffmann yaro shi ne wanda ake tsoratarwa. A wurin Bemelmans da Donaldson, ƙaramin halitta shi ne tauraro, kuma shi ke fita da ransa da mutuncinsa.

3.0 The Gruffalo

3.1 Labarin da Asalinsa

Wani ɗan kusu ne ke ratsa kurmi. Ya gamu da dila, sa'an nan mujiya, sa'an nan maciji, kowane yana gayyatarsa cin abinci a gidansa, alhali shi ne abincin. Kusu kan gode, ya ce ai yana da alkawari da wani dodo mai suna Gruffalo, sai ya shiga siffanta shi: haure, farata, baƙin harshe, ƙurji mai dafi a kan hanci, ƙayoyi a gadon baya. Daga nan ya ƙara da cewa abincin da dodon ya fi so shi ne naman mai gayyatar. Kowane ya arce. Kusu na cikin yi musu dariya don sun yarda da abin da babu shi, sai ga dodon tsaye a gabansa, da dukkan siffofin da ya ƙaga. Nan take ya ce wa dodo ai shi kusu shi ne abin tsoron kurmin nan, in yana musu ya biyo bayansa ya gani. Suka koma ta hanyar da aka fito. Maciji da mujiya da dila kowane ya hango dodo ya gudu, dodo kuwa ya ɗauka kusu ake gudu. Da kusu ya ce yunwa ta kama shi kuma naman dodo yake marmari, sai dodon ma ya ranta a na kare.

Donaldson ba ta ɓoye cewa daga wani tsohon labarin ƙasar Sin ta samo ƙashin bayan wannan ba. Labarin yana cikin Zhanguo Ce, kundin da Liu Xiang ya tattara a ƙarni na ɗaya kafin haihuwar Annabi Isa. A can dila ne ya faɗa hannun damisar Asiya, ya ce mata shi Sarkin Sama ya naɗa shugaban namun daji, ta bi bayansa ta gani. Wani bafade mai suna Jiang Yi ne ya ba Sarkin Chu labarin, don ya nuna masa cewa tsoron da maƙwabta ke yi wa babban kwamandansa tsoron rundunar sarki ne kawai. Watau asalin labarin habaici ne na fada, an yi shi don a rage wa mai cin albarkacin wani daraja, irin abin da Bahaushe ke nufi da albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko. Donaldson ta juya shi. Ta ɗauke dila daga matsayin mai wayo ta mai da shi ɗaya daga cikin waɗanda aka yi wa wayo, ta ba kusu matsayinsa. Da wannan sauyi guda habaici ya koma yabo, domin ba mai zargin ɗan kusu da ya ari ƙarfin wani don ya tsira.

3.2 Yadda Amsa-Amo Ya Haifi Dodo

Abin da ya fi jan hankalin mai nazarin waƙa shi ne yadda dodon ya samu. Marubuciyar ta sha bayyana cewa da farko damisa ta yi niyyar sakawa kamar yadda yake a labarin Sin, sai ta rasa kalmomin da za su yi amsa-amo da sunan damisa a Ingilishi. Tana kuma bukatar suna mai ƙarewa da sautin "o", don ya amsa kalmar Ingilishi mai ma'anar "sani" a cikin tambayar da kusu ke maimaita wa kowace dabba. Sai ta ƙaga suna mai gaɓa uku, farkonsa kamar gurnani, ƙarshensa "o".

Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. Da damisa ce, da ba a sami rabin farko na labarin yadda yake ba, domin kowa ya san akwai damisa, kusu ba zai yi dariyar wanda ya yarda da ita ba. Da yake dodon ƙagagge ne, sai labarin ya sami abin da na Sin ba shi da shi, watau ƙaryar da ta tashi ta zama gaskiya. Akan zargi amsa-amo da jan mawaƙi zuwa inda bai yi niyya ba, kuma zargin gaskiya ne a yawancin lokaci. A nan dai jan ya kai marubuciyar inda ya fi inda ta nufa.

Sa'an nan kuma ya kamata a lura da irin maganar da kusu ke yi. Jera siffofin ban tsoro ɗaya bayan ɗaya, cikin kari, don a karya zuciyar abokin gaba tun kafin a gwabza, abu ne da mai karatu Bahaushe zai gane nan da nan, domin aikin kirari ke nan a bakin maharba da 'yan dambe da 'yan tauri. Kusu ya yi wa wanda babu shi kirari sau uku, da wanda babu shin ya bayyana sai ya juya ya yi wa kansa. Makaminsa daga farko har ƙarshe harshe ne.

3.3 Zubi da Tsari, da Aikin Hoto

An zuba waƙar 'yar tagwai, ɗango biyu-biyu masu amsa juna, kowane ɗango da bugu huɗu. Tsarin labarin kuwa kamar ninkin zane yake: dila, mujiya, maciji, dodo a tsakiya, sa'an nan maciji, mujiya, dila. Kowace gamuwa da kalmomi kusan iri ɗaya ake buɗe ta a rufe ta. Yaro ɗan shekara uku, kafin a kai ga maciji, ya riga ya san abin da kusu zai ce, yakan ma riga mai karanta masa faɗa.

A daidai lokacin da yaro ya saki jiki da wannan tsari ne ake karya shi. Maganar da kusu ya saba rufe kowace gamuwa da ita, ta cewa babu dodon, a karo na uku ba ta ƙarasa ba. An yanke ta a ƙarshen shafi, sai an juya takarda a ga abin da ya katse ta. Kunne yana jiran sautin "o", ya kuwa same shi, amma a matsayin ihun firgita. Juya shafi a littafin hotuna daidai yake da numfashin da gwanar tatsuniya kan ja kafin ta ce sai ga Dodo. Bambancin shi ne a nan sau da yawa hannun yaron ne ke juya takardar, shi ke buɗe wa abin tsoron ƙofa a lokacin da ya shirya.

Scheffler, wanda haifaffen Hamburg ne, ya fara zana dodon da muni fiye da yadda aka san shi yanzu, editan littafin ya nemi a sassauta. Sakamakon shi ne halitta mai dukkan siffofin da waƙar ta lissafa, amma da ƙaton ciki da idanun marar wayo. Kalma tana cewa a ji tsoro, hoto yana cewa kada a ji da yawa. A rabi na biyu kuma hoton ne ke riƙe da sirrin labarin. Waƙar ba ta tsaya ta bayyana dalilin gudun dabbobin dalla-dalla ba, amma yaro yana ganin inda idanunsu suka nufa, sama da kan kusu. Ke nan yaro ya san abin da ƙaton dodo bai sani ba. Ga wanda kullum shi ne ƙarami a gida, kullum shi ake yi wa bayani, wannan daɗi ne babba.

3.4 Jarumtaka ko Ƙarya?

Malamin makaranta yana da damar ya tambaya: ashe ba ƙarya ake koya wa yara ba? Kusu bai faɗi gaskiya ko sau ɗaya ba, kuma bai gamu da wani sakamako ba. Tambayar tana da nauyi, kuma ba sabuwa ba ce ga waɗanda suka tashi da tatsuniyoyin Gizo. Sai dai akwai bambanci. Gizo yakan yi ƙarya don haɗama, ya cuci wanda bai cuce shi ba, shi ya sa tatsuniya kan bar shi da kunya a wasu lokuta. Kusu bai nemi kome a hannun kowa ba. Duk wanda ya yi wa ƙarya ya riga ya yi niyyar cinye shi, kuma gayyatar da suka yi masa ita ma ƙarya ce. Ladansa a ƙarshe ƙwallon ɗan itace guda ne da ya zauna ya ci cikin natsuwa. Abin da littafin ke yabo shi ne rashin ruɗewa, watau mutum ya ga mutuwa ido da ido hankalinsa bai bar jikinsa ba.

Inda za a iya kushe littafin shi ne, tsoron kusu bai wuce ɗango kaɗan ba. Jarumin da ba a ga gumin goshinsa ba yana da wuyar koyi. Kamar marubutan sun ji wannan, domin a The Gruffalo's Child na 2004 sun juya labarin. 'Yar dodon ce ta saci jiki da dare cikin ƙanƙara don neman mugun kusun da ubanta ke ba ta labari. Tana tafe tana ƙarfafa kanta da cewa ba ta jin tsoro, har ta sami kusun, ɗan mitsitsi. Shi kuwa ya hau reshe, hasken wata ya mai da inuwarsa ƙatuwa, ta sheƙa gida ta kwanta kusa da ubanta. A wannan littafi na biyu ne yaro ke ganin kansa sosai: mai cika baki, mai son gani da ido, mai gudu gida in abin ya yi tsanani. Ya kuma koyi cewa shi ma dodo yana da abin da yake tsoro.

4.0 Madeline

Bemelmans an haife shi a 1898 a yankin Tirol, ya ƙaura Amurka a 1914, kuma shi ya rubuta littafinsa ya zana hotunan. 'Yan mata goma sha biyu ne ke zaune a wani tsohon gida a birnin Paris ƙarƙashin kulawar Miss Clavel. Kome a layi biyu suke yinsa, ci da barci da fita yawo. Madeline ita ce mafi ƙanƙanta, ita ce kuma marar tsoro: ba ta gudun ɓera, tana yi wa damisa tsiwa a gidan namun daji, tana hawa kan katangar gada tana tayar wa mai kula da su hankali. Wata rana da tsakar dare aka ji kukanta. Likita ya zo ya ce afendis ne, aka ɗauke ta zuwa asibiti aka yi mata aiki. Da sauran suka zo dubiya suka ga kayan wasa da alewa, sai ta miƙe tsaye a kan gado ta nuna musu tabon aikin. Daren nan duka goma sha ɗayan suka fashe da kuka, kowace tana so a yi mata irinsa.

Marubucin ya bayyana cewa ya samo wannan ne daga kwanciyar da shi kansa ya yi a wani ƙaramin asibiti a tsibirin Yeu na Faransa, bayan mota ta buge shi a kan keke. A ɗakin da ke kusa akwai yarinyar da aka yi wa aikin afendis, a rufin ɗakinsa kuma akwai tsaga mai kama da zomo, wadda ya saka ta a littafin.

Idan muka lura za mu ga jarumtaka iri biyu ce aka jera. Ta farko ta nuni ce. Damisar tana cikin keji, tsiwar ba ta da tsada. Hawan katangar gada kuwa ganganci ne, kuma a Madeline's Rescue na 1953 marubucin ya biya wannan bashi, domin yarinyar ta faɗa kogin Seine sai da wata karya ta cece ta. Ta biyun ita ce ta gaske, kuma da kuka ta fara. Yarinyar da ba ta tsoron damisa ga ta tana hawaye har idanunta sun yi ja, an raba ta da 'yan'uwanta cikin dare. Littafin bai ga wani saɓani tsakanin wannan da jarumtakarta ba. Haɗarin da aka zaɓa kuma irin wanda yaro kan gamu da shi ne da gaske: ciwo, da likita, da kwana a baƙon wuri. Tabon da ta nuna shi ne shaidar cewa ta shiga ta fito.

Hotunan suna taimakon wannan ma'ana. Yawancinsu baƙin zane ne a kan rawaya, sai jefi-jefi a sami shafi mai cikakken launi na wani sanannen wuri a Paris. Layuka biyun nan da ake maimaitawa su ne amsa-amon ido. Da aka kai Madeline asibiti, sai aka ga gurbi a layi, da gado guda babu kowa. Yaron da bai iya ƙirga goma sha biyu ba yana ganin giɓin.

Ta fuskar waƙa kuwa Madeline bai kai The Gruffalo ba. Karinsa yana tangaɗi, wani ɗango gajere ƙwarai wani dogo, wani amsa-amon kuma da ƙarfi aka cusa shi. Ingilishi ba shi ne harshen farko na marubucin ba, kuma mai zane ne kafin ya zama mai waƙa. Akwai kuma abin dubawa a ƙarshen labarin, inda kyaututtukan uba mai hali suka mai da ciwo abin sha'awa, aikin tiyatar kansa kuwa aka tsallake shi cikin ɗango biyu. Amma a kan ainihin jigon, watau mene ne jarumtaka, Bemelmans ya fi Donaldson zurfi, domin ya bar tauraruwarsa ta yi kuka.

5.0 Aikin Amsa-Amo

Yanzu za mu iya komawa ga tambayarmu ta biyu. Masana ilmin koyarwa sun fi kallon amsa-amo ta fuskar koyon karatu. A 1983 Lynette Bradley da Peter Bryant na Jami'ar Oxford suka buga sakamakon bincikensu a mujallar Nature, inda suka nuna cewa yaran Ingila 'yan shekara huɗu da biyar da suka fi iya gane kalmomi masu sauti iri ɗaya su ne suka fi saurin iya karatu daga baya. Wannan amfani ne na gaske, amma bai bayyana dalilin da ya sa labarin tsoro musamman ke dacewa da waƙa ba.

Dalilin, a ganina, shi ne amsa-amo alkawari ne. Ɗango na farko yana ɗaukar alkawarin wani sauti, na biyu yana cikawa. Kowane daƙiƙa kaɗan yaro yana yin hasashe, hasashensa yana tabbata. Tsoro kuwa asalinsa rashin sanin abin da ke tafe. Saboda haka labari yana cewa ga dodo, kari yana cewa duniya tana nan yadda ka san ta. Muryar da ke karantawa ba ta sauya taku ba ko da dodon ya fito. Bayan karatu na uku ko na huɗu yaro ya haddace, sai ya zama shi ke furta kalaman kusu da bakinsa, shi ke yi wa dodo barazana. Ya gwada jarumtaka ke nan a wurin da babu abin da zai same shi.

Wannan ne kuma ya sa mummunan amsa-amo ya fi yin ɓarna a irin waɗannan littattafai fiye da ko'ina. In kari ya karye ba da nufi ba, mai karatu ya yi tuntuɓe, alkawarin ya warware. Littattafai da yawa da aka yi don kwaikwayon nasarar Donaldson sun faɗa wannan rami: an karkatar da jumla don a sami sauti, ko an sa tauraro ya yi abin da labari bai nema ba don kawai kalmar ta dace. Wasu kuma sukan rufe da baitin wa'azi da ke gaya wa yaro cewa ya zama jarumi. Babu ɗaya daga cikin littattafai biyun da muka duba da ya yi haka.

6.0 Abin Lura ga Mai Rubutu da Hausa

An fassara The Gruffalo zuwa harsuna da kare-karen harsuna fiye da ɗari, kuma duk mai sha'awar adabin yara da Hausa zai iya jin kwaɗayin fassara irinsa ko rubuta makamancinsa. Akwai abubuwa uku da ya kamata ya yi la'akari da su.

Na farko, amsa-amo ba daraja ɗaya gare shi a harsunan biyu ba. A Ingilishi yana da wuyar samu, shi ya sa in ya faɗo daidai yake ba da mamaki. A Hausa kusan kowace kalma da wasali take ƙarewa, kuma ɗafin "-wa" kaɗai ya isa ya ɗauki waƙa mai baiti ɗari. Abin da ke da arha ba ya ba da mamaki. Bugu da ƙari, al'adar rubutacciyar waƙarmu ita ce babban amsa-amo guda ya ratsa waƙa daga farko har ƙarshe, ba a sauya shi kowane ɗango biyu ba. Wanda ya kwaikwayi tsarin Ingilishi kai tsaye zai sami sautuka masu kama da juna, amma ba lalle ya sami wancan jira da cikawa ba. Zai fi samunsa in ya kula da amsa-amon karin sauti, wanda Dalhatu Muhammad ya jawo hankalin manazarta gare shi tun a shekarun 1970, watau dacewar hawa da saukar murya a ƙarshen ɗangogi.

Na biyu, karin waƙar Ingilishi a kan gaɓar da ake dannawa da ƙarfi yake tafiya, na Hausa kuwa a kan jerin gaɓoɓi masu nauyi da marasa nauyi. Ba a ɗauko ɗaya a ɗora wa ɗaya. Dole a sake gina waƙar daga tushe, a kuma gwada ta da baki a gaban yara kafin a kai ta maɗaba'a.

Na uku, wanda ya fi muhimmanci, aikin da amsa-amo ke yi wa yaron Ingila, amshi ne ke yi wa yaron Hausa. A tatsuniya, 'yar waƙar da yarinya ke rerawa duk lokacin da Dodo ya matso, wadda masu sauraro ke karɓa, ita ce linzamin tsoron. Ana maimaita gamuwa sau uku, ana buɗewa da rufewa da kalmomin da kowa ya sani. Ga kirari, ga kalmomin amsa-kama masu sa a ji takun ƙafa da karyewar reshe. Kayan aikin duk suna nan. Abin da littafin hotuna ya zo da shi sabo shi ne hoton da ke faɗin abin da kalma ta ɓoye, da juya shafi, kuma waɗannan biyun ne suka cancanci a koya daga Caldecott da magadansa.

7.0 Kammalawa

An ga cewa a littattafan nan biyu jarumi shi ne mafi ƙanƙanta a wurin, kuma ba ya kashe kowa. Kusu ya tsira da natsuwa da harshe, Madeline ta tsira da juriya bayan ta yi kukanta. The Gruffalo ya fi ƙwarewa a waƙa da tsari, Madeline ya fi gaskiya game da yadda tsoro yake. A duka biyun maimaitawa, ta sauti da ta hoto, ita ce ke riƙe da hannun yaro har a fita daga kurmi ko daga asibiti.

Saura ga malamai da masu ɗab'i. Ma'aunin da wannan nazari ke bayarwa wajen zaɓen irin wannan littafi ko rubuta shi mai sauƙi ne. A duba ko abin tsoron da ke ciki yana da tsoro da gaske, ko tauraron ya fita da abin da yaro ma yake da shi, ko kuma waƙar tana karantuwa da baki ba tuntuɓe. Littafin da ya cika waɗannan uku, yaro da kansa zai ɗauko shi gobe ya ce a sake.